Nagoggo Mai Harawa da Kiɗan Fiyano

Duk wanda ya saba shiga karar Daura, wato kasuwar dabbobi, ya san rumfar Nagoggo mai harawa, can gefen da ake ɗaure tumaki. Dattijo ne dogo siriri, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu. Sunansa na yanka Sada, amma tun da mahaifiyarsa ta rasu ta bar shi a zanen goyo, goggonsa ta ɗauke shi, sai sunan ya ɓace a bakin mutane, Nagoggo ya maye gurbinsa. Harawarsa ba ta fi ta kowa ba. Abin da ya sa ake nuna shi da baki shi ne wani irin kiɗa da yake saurare, wanda babu wani a kasuwar nan da ya san kansa.

A wata ruga kusa da Dutsi ya tashi, a bayan shanu. Tun yana ƙarami an san shi da kunne. In ana biki a ƙauye, sa'o'insa na can tsakiyar fili suna tiƙar rawa, shi kuwa yana tsugune kusa da mai goge, ya zuba wa yatsunsa ido. Goggonsa takan ce, "Wannan ɗan, kunnensa ya fi bakinsa aiki." Ya taɓa gwada busa sarewa, ya ji abin da yake fitarwa bai kai abin da yake ji a ransa ba, ya ajiye ta. Bai sake ɗaukar wani abin kiɗa ba.

Da ya zama saurayi, dabbobin gidansu suka ragu, sai ya shiga rakiyar shanu zuwa Kudu. Aiki ne na mai ƙarfin zuciya. A loda shanu a tirela, ɗan rakiya ya hau kan katakon da aka gicciya a samansu, rana ta doke shi, ruwa ya doke shi. In saniya ta faɗi sai ya dira tsakanin ƙahoni ya tashe ta kafin 'yan'uwanta su tattake ta. Haka ya yi ta zirga-zirga tsakanin Daura da Ikko har ya yi aure, har aka haifa masa 'yarsa ta fari, Khairunnisa.

A wata tafiya da bazara, motarsu ta lalace a bakin garin Badun. Direba ya shiga gari neman ƙarfen da ya karye, ya bar su da shanu suna ta haki. Nagoggo ya ɗauki jarkoki ya bi wani layi yana neman ruwa, har ya iso wani tsohon gida mai bishiyar mangwaro a ƙofa. Wata tsohuwa Bayarabiya mai farin gashi ta leƙo. Yana ta kame-kamen yadda zai yi mata bayani, sai ya ji ta ce da Hausa tsaf, "Sannu da rana, ɗan samari. Ruwa kake so? Ga famfo can, ɗebi." Ashe ta yi shekaru tana koyarwa a Zariya. Mama Tica ake kiranta a unguwar.

Ya tara jarka a bakin famfo, ita kuma ta koma ciki. Can sai wani sauti ya fito ta taga.

Da farko ɗiɗɗiga ne, ɗaya bayan ɗaya, kamar ruwan indararo bayan an ɗauke sama. Sai ɗigon ya yi yawa, ya zama gudu, ya hau, ya hau, har Nagoggo ya ji numfashinsa ya tsaya yana jiran inda za a sauke shi. Aka sauke shi a hankali, a wani wuri da bai zata ba, amma da ya isa sai ya ji dama can ya kamata a je. Bai san lokacin da ya bar famfon ya isa gindin tagar ba. Ya rantse a ransa mutum uku ne ko huɗu suke kiɗan nan. Da ya leƙa, sai ya ga tsohuwar nan ita kaɗai, zaune gaban wani baƙin akwati mai tsayi, yatsunta na yawo a kan wasu haƙora farare da baƙaƙe.

Da ta gama ta juyo ta gan shi, ta yi dariya. "Shigo mana, ai ba ya cizo."

Ya tuɓe takalmansa ya shiga, ya durƙusa daga bakin ƙofa. "Mama, don Allah mene ne wannan?"

"Fiyano sunansa."

"Da lantarki yake aiki?"

"Babu lantarki. Zo ka gani."

Ta ɗaga murfin sama. Nagoggo ya leƙa, ya ce, "Ikon Allah!" Tsirkiyoyi ne jere reras, sun fi ƙarfin ƙirga, kowace da 'yar gudumarta mai kan auduga. Ta danna haƙori ɗaya, guduma ɗaya ta zabura ta doki tsirkiyarta ta koma. Shi da ya san goge mai tsirkiya ɗaya da garaya mai biyu, yau ga shi gaban abin da ya tara su duka a ciki ɗaya, kuma yatsu goma na juya su.

"Ke kika ƙirƙiro wannan kiɗan?"

"Ina ni ina wannan! Wanda ya tsara shi wani Bature ne, ya fi shekara ɗari biyu a ƙasa."

"To wa ya ji daga bakinsa ya kawo miki?"

"Ba kowa. Rubutawa ya yi."

Ta nuna masa takardar da ke gabanta. Layuka ne a jere kamar kunyoyin gona, an watsa musu baƙaƙen ɗigo kamar kalwa. Ta ce kowane ɗigo sauti ne, an faɗi tsawonsa, an faɗi inda za a sassauta da inda za a ƙarfafa, har inda za a yi shiru an rubuta. Wannan ya fi komai ɗaure masa kai. A saninsa, makaɗi in ya mutu ya tafi da hannunsa, sai ɗan abin da yaransa suka tsinta. Ga wani ya mutu tun kafin a haifi kakan kakansa, a ƙasar da ko sunanta bai sani ba, amma abin da ya ji a ransa ya taso ya iske ɗan rakiyar shanu a bakin famfo, ya hana shi motsi.

"Wane sarki ya yi wa?" ya tambaya.

"Akwai waɗanda aka yi wa sarakuna," in ji ta, "sarakunan an manta da su, kiɗan na nan. Wannan kuwa ban san ya yi wa kowa ba."

Kafin a gyara motar, kullum in ya shayar da shanu sai ya dawo, ta buga masa. A wata tafiyar ya roƙi direba ya tsaya, ya kai mata man shanu da kilishi, ta yi ta sa masa albarka. Da ya sake komawa bayan damina, ya tarar da gidan a kulle. Maƙwabta suka ce 'ya'yanta sun zo sun tafi da ita, ba su san garin ba.

Shekaru suka shuɗe ba shi da inda zai ji kiɗan sai a cikin kansa. Wani lokaci yana murɗa rediyo yakan ci karo da ɗan guntunsa a wata tasha mai nisa, kafin ya daidaita eriya shuuu ta cinye shi. Sai da wayar hannu ta cika gari, masu tura waƙa suka kafa tebura a bakin kasuwa, sannan ya je wurin wani mai suna Sabiru ya ce yana son kiɗan fiyano.

"An gama, Baba," in ji Sabiru, ya cika masa memori da waƙoƙin fim, don a nan abin da ake kira kiɗan fiyano ke nan.

Washegari Nagoggo ya dawo. "Ba wannan ba ne, Sabiru. Wanda nake nufi na katako ne. Babu mai waƙa, babu ganga."

"Babu mai waƙa? To me ake ji?"

"Kai dai nemo."

Sabiru mutum ne mai naci. Ya yi ta lalube a intanet yana kunna masa wannan, yana kunna masa wancan, Nagoggo na girgiza kai. Ran nan sai ga wani bidiyo: ƙaton zaure cike da mutane, kowa ya yi tsit, wani mutum shi kaɗai ya zauna gaban fiyano mai faɗi kamar gadon sarauta, ya ɗora yatsunsa. Sauti na farko na fita Nagoggo ya dafa kafaɗar Sabiru ya ce, "Tsaya nan." Ba wanda Mama Tica ta buga ba ne, amma danginsa ne, jini ɗaya. Abin da ya ƙara ba shi mamaki shi ne jama'ar nan. Mutane sun fi na kasuwar Mashi ranar cinta, amma ko tari babu mai yi. Ashe ba shi kaɗai abin ke kamawa ba.

Abokansa suka samu abin tsokana. Kalilu dillali, wanda suka yi ƙuruciya tare, ya saurara kaɗan ya taɓe baki. "Haba Nagoggo! Kiɗa ba kirari, ba habaici, ba a rawa, ba a kiran sunan kowa? Ai wannan gaya ne, tuwo ba miya."

"Kai ka saba a faɗa maka abin da za ka ji," in ji Nagoggo. "Wannan ba ya faɗa maka komai. Hanya yake buɗe maka, kai za ka shiga da kayanka."

"To Allah ya kawo sauƙi," Kalilu ya ce, aka yi dariya, har da shi Nagoggon.

Ƙafar da yake ɗingisawa a kan hanyar Ikko ya samo ta. Wani bijimi ne ya zame a cikin mota, ya dira zai tashe shi, bijimin ya koma ya danne masa ƙauri. Aka dawo da shi Daura aka yi masa ɗori, ya yi watanni a kwance. Mutumin da ya saba kwana yau a nan gobe a can, ga shi ko bakin zaure ba ya iya kaiwa. Matarsa Murjanatu ta yi ta tsoron kada zaman ya karya masa zuciya. A wannan jinyar ce ya zauna da kiɗan nan sosai. Da hantsi, in gida ya yi shiru, sai ya kunna guda ɗaya ya yi ta maimaita shi har ya san kowane lungu nasa. Sunayen Turancin da ke jikinsu ba ya iya karantawa, sai ya raɗa musu nasa. Akwai Yayyafi. Akwai Shanu Sun Dawo, wanda ke farawa can nesa ya yi ta matsowa. Akwai wani mai tsawa da ya kira Gardama, don a cikinsa kamar mutum biyu ne ke ja-in-ja, ɗaya ya faɗa ɗaya ya mayar, har su gaji su shirya. Akwai kuma wani mai tafiyar hawainiya da ya kasa sama wa suna, ya bar shi haka nan.

Abin da ya lura da shi, waƙoƙin da ake yayi a gari sukan yi wata biyu a bakin kowa su wuce, wata ta zo ta ture su. Waɗannan kuwa ya ji su har ba adadi, amma kullum sai ya tsinci wani abu da jiya bai gani ba. Ran da yake cikin ƙunci su yi masa magana iri ɗaya, ran da yake cikin walwala su yi masa wata, alhali ko ɗigo ɗaya bai canza ba. Da ya warke bai koma rakiya ba, ya kafa rumfar harawa. In an kira salla yakan kashe kiɗan, in azumi ya kama ya ajiye sai bayan salla.

Khairunnisa ta girma ta zama malamar firamare, ta yi aure a cikin gari. Wata Juma'a bayan la'asar ta zo gaishe su, ta fito da wani abin sauraro irin mai rufe kunnuwa biyu ruf.

"Baba, wannan 'yar wayar taka tana cinye maka rabin abin. Gwada da wannan."

Yana zaune a kan tabarma a inuwar darbejiyar tsakar gida. Ta ɗora masa a kai, ya zaɓi wannan da bai sa wa suna ba. Suna kallonsa ya runtse ido, can ya buɗe su da sauri kamar wanda aka kira daga baya. Ƙarƙashin sautin da ya sani ashe akwai wani mai kauri, yana tafiya a hankali kamar rugugin hadari daga nesa, shi ke ɗauke da sauran duka. Kuma a wurin da kiɗan ke ɗan tsayawa, ya ji wani abu da bai taɓa ji ba: mai bugawar ya ja numfashi. Mutum ne kamarsa, zaune a wani ɗaki a wata duniya, yana jan numfashi kafin ya taɓa wurin da ya fi ciwo.

Hawaye suka gangaro masa cikin gemu, bai share ba. Da kiɗan ya ƙare ya ce, "Allah mai iko. Duk shekarun nan a bakin ƙofa nake tsaye."

Murjanatu na gefe tana tsince shinkafa a faifai. Ta ajiye, ta goge hannu a zaninta. "Malam, ba ni in ji abin nan da ke sa babba kuka."

Khairunnisa ta gyara mata shi a kan ɗankwali, aka mayar da kiɗan farko. Murjanatu ta zauna a bakin tabarma ta miƙe ƙafafu, ta ƙura wa ƙasa ido. Kaji suka zo suna tsattsagar shinkafar, Khairunnisa za ta yi magana, uwar ta ɗaga mata hannu. Sai da kiɗan ya kai ƙarshe ta cire abin a hankali, ta riƙe shi a cinya.

"Wanda ya yi wannan, rasuwa aka yi masa?"

"Ban sani ba," in ji Nagoggo. "Ba wanda ya taɓa gaya mini."

"An yi masa," ta ce. Ta kori kajin, ta ɗauki faifanta ta nufi madafa.