Ranar da Na Sayo Mai Tsirkiya Biyar

Ni kafinta ne. Duk wanda ya ce maka makaɗi ne ni, to sona yake yi. Ƙofofi da gadaje su ne sana'ata a Bagudo. Kiɗa na ƙarshen mako ne, in an yi biki aka kira mu: mai waƙa, mai fiyano, mai ganga, sai ni da jitar bes, wadda ke riƙe muryar ƙasa. Shekara goma sha ɗaya ina kaɗa mai tsirkiya huɗu, har hannuna ya san ta ko da ido a rufe.

Wani biki a Dole Kaina ne ya ɓata mini zama. Makaɗa suka zo daga ƙasar Benin, mai bes ɗinsu yana riƙe da mai tsirkiya biyar. Da ya taɓa ta biyar ɗin, mai kauri, a haƙarƙarina na ji ta. Mai waƙarmu kuwa babbar murya gare shi, in ya gangara ƙasa sai jitata ta ƙare, shi yana sauka ni ina hawa. Abin ya daɗe yana ba ni haushi, ranar na ga maganinsa a hannun wani.

Damina ta yi tsakiya, gero ya fi mutum tsawo, na hau mashin da safe na tsallaka iyaka zuwa garin Malanbil na ƙasar Benin. An kwatanta mini shagon wani dattijo ɗan ƙabilar Dandi mai sayar da tsofaffin sifikoki da kayan kiɗa na Kwatano. Uku na tarar a rataye. Ja ce ta fara ɗaukar idona, tana ta sheƙi. Na ɗora ta a kafaɗa, na runtse ido ɗaya na bi wuyanta da kallo yadda nake duba katako, sai na ga ya murɗe. Ta biyu nauyi gare ta kamar turmi. Ta uku baƙa ce, duk ta sha ƙarce, amma wuyanta ya miƙe sambal. A bayanta akwai ɗan murfi inda ake sa ƙaramin batir mai ƙara mata ƙarfi in an jona ta da sifika. Ba wuta a shagon, don haka na dafa kanta jikin ƙofar katako na ja tsirkiya ta biyar. Ƙofar ta ɗauka, ta yi gurnani. Muka yi ciniki, ya saka mini ita a doguwar baƙar jaka, na goya ta a baya.

Ban yi tunanin yadda nake a idon mutane ba. Baƙo a kan mashin, daga wajen iyaka, da doguwar baƙar jaka ta zarce kansa. Farin ciki ya rufe mini ido.

Bayan la'asar na shigo ƙasarmu. Ruwa ya cinye wani kwalbati a babbar hanya, aka nuna mini wata 'yar hanya da ke ratsa gonaki. Na yi tafiya mai ɗan nisa cikin gero, ban ga kowa ba, ko mai kiwo. Ina fitowa bakin wani ƙauye na ga igiya a gicciye, da katako mai ƙusoshi a ƙasa. Kafin in taka birki mutane sun fito daga gona ta dama da hagu. 'Yan banga ne, wajen su bakwai, da bindigogin toka da adduna.

"Kashe mashin. Ɗaga hannunka."

Na yi. Wani dattijo mai furfura a gemu, wanda na gane shi ne shugabansu, ya ce in kwance jakar da hannu ɗaya in aje a ƙasa, in ja baya in zauna. Na zauna cikin laka. Na yi sallama, shi kaɗai ya amsa, shi ma a taƙaice.

"Ina ka hito?"

"Malanbil, Baba. Bagudo za ni."

"Mi ya raba ka da babbar hanya?"

Na gaya masa zancen kwalbati. A gefensa akwai wani dogon mutum, zai yi shekara talatin da 'yan kai, idonsa jajir. A nan na ji daga bakin dattijon cewa kwana uku da suka wuce 'yan bindiga sun shigo garin, sun kora shanu, sun tafi da yayan dogon nan. Kwana biyu kafin su zo kuma, wani baƙo ya ratsa a kan mashin yana tallar magani, yana tambaye-tambaye. Yanzu duk baƙo infoma ne, mai kai wa 'yan bindiga rahoto, har sai an ga ba haka ba.

Dogon ya sa bakin adda ya ja zif ɗin jakar. Da jitar ta bayyana na ji wasu sun saki numfashi, wani ma ya ce, "Molon Turawa ne." Na ce a raina shi ke nan. Amma dogon bai aje ta ba. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya ga murfin. Ya ɓalle shi da farce, batir ya faɗo yana reto a jikin waya ja da baƙa.

Duk suka zuba wa batirin ido.

"Mi ya kawo batir cikin molo?" in ji dogon. Muryarsa ba ta tashi ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. "Irin wanga abu suka yawo da shi, shina nuna musu inda mutane suke."

Na ce wallahi batirin na ƙara sauti ne. Dattijon ya ce to in kunna a ji. Na ce ba ta kunnuwa sai da sifika. Wani ya yi tsaki. Na roƙi a bar ni in kira gida, suka miƙo mini wayata da suka karɓe, babu sabis ko layi ɗaya. Na nuna katin shaida, dogon ya ce mai maganin ma ya nuna nasa.

"Ka ce makaɗi kake," in ji dattijon. "Mai da batirin. Kaɗa."

Suka miƙo mini ita. A nan tsirkiya ta biyar ta ci amanata. Shekara da shekaru hannuna ya saba tsirkiyar sama ita ce mafari, daga ita nake lissafin komai. A wannan kuwa an ƙara wata a samanta, tsakaninsu kuma ya matse. Na dafa inda na saba, wata murya dabam ta fito. Na gyara, yatsana ya zame ya haɗa biyu. Tafina duk gumi. Ga shi bes in babu sifika ba ta da amo, sai ɗan ƙyas-ƙyas na ƙarfe. Ni kaina da na ji abin da nake kaɗawa, da ni ne su, da ban yarda da ni ba.

"Ko riƙe ta bai iya ba," in ji dogon. Ya juya ya ce wa wani, "Kawo igiya."

Mutanen gari sun fara taruwa. Mata a bakin darni, maza suna matsowa, wasu da sanduna. Na san irin wannan taro. Ba ya buƙatar kowa ya yanke hukunci, mutum ɗaya ya fara kai hannu ya isa. Na ji fitsari ya matse ni. Na tuna matata ta ce in sayo mata atamfa na manta, wai a wannan hali abin da ya faɗo mini ke nan.

Na ce, "Baba, don girman Allah a ba ni wancan teburin."

Teburin mai shayi ne a gindin bishiyar bedi. Dattijon ya ɗaga kai aka jawo shi. Na durƙusa na dafa kan jitar a jikin katakon. Na kwantar da babban yatsana a kan tsirkiya ta biyar, na danne ta, na ce ke yau ba da ke ba. Huɗun da suka rage nawa ne. Na ja numfashi na fara. Teburin ya ɗauka, kofunan da ke kansa suka soma rawa. Na kaɗa waƙar da ta fi kowace tashe a bukukuwan yankinmu, wadda in mun taɓa ta tsofaffi ma sai sun miƙe. Wannan karon ban kuskure ko ɗaya ba. Na kai ƙarshe na ɗaga kai.

Ba wanda ya motsa.

"Wace waƙa ce?" in ji dattijon.

Na faɗi sunanta. Suka dubi juna. Wani ya ce ƙarya ne, ya san waƙar, ba haka take ba. Gaskiyarsa. Abin da bes ke yi a ƙarƙashin waƙa ba shi ne waƙar ba, in ka cire murya da fiyano sai dum-dum kawai ya rage. Ta ina zan fara yi wa mai adda a hannu wannan bayani?

Dattijon ya tsuguna gabana. Ba mugu ba ne, na ga gajiya a fuskarsa. Ya ce, "Ɗana, na san molo, na san goge, na san gurmi. Kowane in an kaɗa, ka san abin da yake hwaɗi. Wanga bai hwaɗin komi. Ni so nike in aje ka har hukuma ta zo. Amma ka ga mutanen ga." Ya sassauta murya. "Akwai wanda ya san ka nan?"

Na shiga lissafa garuruwan da muka yi wasa, ina ɗaga murya don na baya su ji. Na faɗi sunan mai waƙarmu. Da yawa sun san shi, wasu har da mai fiyano suka sani. Ni kuwa suka ƙare mini kallo, babu wanda ya ce ya taɓa ganina. Dogon ya ce sunan mai waƙa ai kowa ya iya faɗa. Igiyar tana hannunsa, ya riga ya yi mata zarge. Ya tako ya tsaya a bayana, ina jin numfashinsa. Na fara kalmar shahada a zuciya.

Sai wata mata ta ratso taron, da ƙwaryar kuɓewa a kai, daga gona take. Ta tsaya ta dube ni, ta dubi jitar, ta karkata kai.

"Kawu, dakata," ta ce wa dattijon. "Kamar na san wanga. Bikin ƙanwata a Kurgu, bara, su suka yi wasa."

"Kin tabbata?"

"Shi ne. Wanda ka tsayawa can baya gun janareto. Mun yi ta mishi dariya. Kowa ana jin kiɗinshi ban da shi. Shina ta jan abin, shina rausaya kai, ba abin da ka hita. Har muka ce ɗan'uwan mai waƙa ne aka ba shi ya riƙe don ya samu shinkafa."

Na tuna bikin sarai. Ranar na yi kiɗan da ban taɓa yin irinsa ba, har yatsuna suka yi bororo. Ni na riƙe filin nan, rawar da ta taka da ƙafarta a kan kiɗana ta taka ta. Raina ya ɓaci, wallahi ya ɓaci, da igiya a bayana da komai. Bakina har ya buɗe.

Dattijon ya ce, "Haka ne?"

Na haɗiye. "Haka ne, Baba. Ni ne."

"Ba ka komi cikinsu?"

"Ba ni komi. Riƙewa kawai nike."

Wani ya fara dariya, ta bazu har bakin darni. Sanduna suka sauka. Dattijon ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki. Har Benin ka tahi sayen abin da ba ka iya ba. Tashi, ɗana, ka riƙe kafintancinka." Na ce na gode, kuma har zuciyata na faɗa.

Dogon bai yi dariya ba. Ya cire batirin, ya aza a kan dutse ya farfasa shi da ƙotar adda, ya duba cikinsa, ya watsar. Ban ga laifinsa ba, yayansa yana daji. Na goya jakar na hau mashin, na buga kik ya ƙi tashi. Sau huɗu ina gwadawa. Sai na ji an dafa bayan mashin ana turawa, na waiga na ga shi ne. Ya tura har ya tashi, ya juya ya koma.

Sai da na hango kogin Kwara na tsaya a gefen hanya na zauna a ƙasa, na yi kuka sosai, ni da gemuna. Duk taron nan mutum ɗaya ce ta tuna fuskata, kuma abin da ta tuna ke nan. Albarkacinsa na kwana a gidana.