Inda Hannu Ya Ci Ƙarfe

Kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Iya, 'yar maƙeri ce, kuma maƙeri ta aura. A ƙauyenmu da ke kudu da Kano, idan maza suka tashi daga maƙera bayan magariba, garwashin ba ya mutuwa da wuri. Nan muke taruwa mu jikoki, mu tura rogo cikin toka, ita kuma ta kifa turmi ta zauna. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Cewa take, "Ga wata baƙuwa nan tafe, wa zai ba ta tabarma?" Mu ce mu ne. Rabin tatsuniyoyinta na ƙarfe ne, har mukan yi mata tsiya cewa ko aljanunta lauje suke riƙewa.

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta ɗan maharbi. Ubansa ya rasu, a cikin hayaniyar zaman makoki aka sace bindigarsa. Yaron ya girma da wannan ciwo a ransa. Wata ranar kasuwa sai ga baƙo da bindiga baƙa ƙirin, tsatsa ta rufe ta daga baki har gindi, yana rantsuwa a daji ya tsince ta, kuma ta uban ce. Ɗan maharbi ya rungume ta yana kuka, ya ce zai ba da sansa na noma. Uwarsa makauniya ce. Ta ce a miƙo mata. Ta shafa ta a hankali, ta kai yatsa kan kunama, ta shafa inda ake riƙewa, sannan ta ce ubansa bahago ne, shekara da shekaru hannunsa ya cinye gefe guda har ya yi santsi. Wannan kuwa ko'ina kaifi ne. Sabuwa ce aka binne cikin gishiri da kashin jaki don ta yi kama da tsohuwa.

A nan Iya takan tsaya ta juya rogon. "Ku ji da kyau, 'yan nema," in ji ta. "Tsatsa kowa zai iya sa wa ƙarfe cikin sati biyu. Ku dubi inda hannu yake zama. Nan ne ba a iya yi wa ƙarya." Mu dai hankalinmu yana kan rogo.

Shekaru suka wuce. Ba a daɗe da mayar da Hong Kong hannun Sin ba, maigidana, Baban Sadiya, ya fara sayen tufafi a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, daga baya ya ɗauko ni da goyona muka zauna a wani ƙaramin ɗaki a unguwar Sanyuanli. Lokacin Hausawa ba su da yawa a can. In ka ji sallama a kan matakala sai ranka ya yi sanyi don daɗi.

Wata rana da la'asar ya shigo yana murmushi, ya warware wani tsumma a kan katifa. Libarba ce, ƙaramar bindiga mai gidan harsashi da ke juyawa. Ya ce a wani lungu ya samo ta, wajen wani laoban, wato mai shago da yarensu, mai sayar da tsofaffin agoguna da kwanuka, kuma mutumin ya tabbatar masa ta ado ce, irin wadda ake ƙerawa a shafa mata tsufa. Mutanen nan ai babu abin da ba sa kwaikwaya. Zai cusa ta cikin dilar riguna a kwantena, yayansa ya rataya a falo.

Na ɗauke ta don in kau da ita daga kusa da yarinya. Nauyinta ne ya fara ba ni tsoro. Ban yi niyyar dubawa ba, yatsana ne ya tafi da kansa. Jikinta babu tsatsa sosai, amma ƙarfen da ake ja baya da babban yatsa ya sule, zanensa ya shafe. Kunamar ta yi fari da santsi. Katakon mariƙin ya lotsa ta gefen dama kaɗai. A ƙarƙashi kuma, inda ya kamata a ga lamba, an goge da magagari, wurin yana ƙyalli kamar jiya aka yi. Na kai ta hancina, na ji warin mai.

Na ce masa ni ba masaniyar bindiga ba ce, amma mai yin ta ado ba zai wahalar da kansa ya goge lamba ba, kuma wani ya daɗe yana riƙe wannan. Ya yi dariya, ya ce jinin maƙera ya motsa. Da ya karɓa ya shafa wurin da kansa, dariyar ta tsaya. Mu duka mun san a ƙasar nan ba a wasa da maganar bindiga, balle ga baƙo, balle a cikin kwantena mai ɗauke da sunansa.

Washegari ya mayar. Laoban ya dube shi kamar bai taɓa ganinsa ba, ya ɗaga hannu yana cewa "meyo, meyo", wato babu, bai sayar da komai ba, ya jawo ƙofar shagon. Baban Sadiya ya dawo da ita cikin jaka, rigarsa jiƙe da gumi, ya zauna bakin katifa.

"Maman Sadiya, ya za mu yi?"

Na ce ya ba ni. Maza ake tsayarwa a nemi fasfo, ba a cika kula mace mai goyo ba. Ya ƙi, na bar shi har ya gaji da ƙin. Na naɗe ta cikin zanen goyo, tsakanin bayana da cikin Sadiya, na yafa mayafi. Muka hau bas zuwa bakin kogi, shi a gaba ni a baya kamar ba tare muke ba. Duk tsayawar bas ina jin sanyin ƙarfen a ƙashin bayana, yarinyar kuwa barcinta take. A bakin ruwa na tsuguna kamar mai gyara goyo, na saki bindigar ta tsakanin ƙarafan shinge, ta faɗa ruwa. Ko ƙara ba ta yi sosai ba.

A tatsuniyar Iya, da aka gano gaskiya kowa ya huta, aka kori baƙo da ihu. Ni da na gano tawa, ban huta ba. Na so a ce hannuna ya yi kuskure. Har yau ban san wane ne ya riƙe ta har ta lotsa ba, ban san abin da ta aikata da ya sa aka goge mata lamba ba, kuma wataƙila akwai wata uwa a garin nan da take jiran a gano wannan bindiga don a san wanda ya kashe mata ɗa. Na ceci mijina, in aka sake ma haka zan yi. Amma duk sallar da na yi ina sa wannan matar a addu'a, ko da babu ita.