Goron da Inoussa Ya Jira

A tsohon garin Agadez, idan ka tambayi inda ake ɗinka takalmin fata mai ƙarko, za a nuna maka rumfar Inoussa baduku. Idan kuma ka yi kuskuren zama kan tabarmarsa kana jiran a gama maka aiki, to sai ka ji tarihin Bidi tun daga kakan kakansa. Bidi doki ne. Inoussa yana da mata, Salamatou, da ƴaƴa mata da duk suka yi aure, amma ba a taɓa jin ya tsare baƙo da labarinsu ba.

Dokin ba wani abin kallo ba ne. Gajere ne, siririn ƙafa, launinsa kamar toka da aka yayyafa wa jar ƙasa, da wani farin zane a goshi wanda ya faro miƙe sannan ya karkace wajen hancin hagu. Yana da mugun hali guda: duk wanda ya tsaya kusa da shi sai ya kama hannun rigarsa ya tauna. Ubansa haka yake yi, in ji Inoussa, kakansa ma haka, kuma asalinsu daga dutsen Bagzan aka gangaro da su zamanin da kakan Inoussa ke bin ayari. Babu mai iya tabbatarwa, babu kuma mai ƙarfin musu. Abin da kowa ya sani shi ne, ranar da mahaifin Inoussa zai cika, bai yi maganar gida ko kayan aiki ba. Cewa ya yi kada a bar irin dokin nan ya yanke. A lokacin Bidi dukushi ne, Inoussa kuma yana ganin wannan wasiyya mai sauƙi ce.

Gudu kam Bidi ya iya, matsalar dai ba ya son a gaggauta shi. Tseren da ake yi a bayan gari gajere ne, shi kuwa sai an kusa ƙarewa jikinsa ke ɗaukar zafi. Yakan shigo na uku ko na huɗu, ya wuce wurin tsayawa, ya wuce masu sayar da ruwa, ya nufi daji da Inoussa a bayansa yana jan linzami. Lokacin da za su dawo an riga an raba kyauta. Sau ɗaya aka yi tsere mai nisa a Ingall, lokacin taron makiyaya, Bidi ya bar sauran dawaki har ƙurarsu ba a hange. Sai dai a daidai wannan lokacin aka saki raƙuma a ɗaya gefen filin, jama'a da masu ɗaukar hoto duk suka kwasa can. Shaidun nasarar Bidi su ne wata tsohuwa mai sayar da cuku da alƙalin tsere, shi kuma ya rasu.

To, a wajen mutanen da Inoussa ya tashi cikinsu, mai ingarma ba ya tallar dokinsa. Mai goɗiya ne ke zuwa da goro a hannu da tiyar gero ta doki, ya durƙusa ya ce ya zo roƙon iri. Wanda ya bi gidaje yana cewa a kawo wa dokinsa goɗiya ya zubar da girman dokin da na uban da ya bar masa. Inoussa ya riƙe wannan al'ada da hannu biyu. Har amsar da zai bayar ya shirya tun yana saurayi. Ba zai ce to nan take ba, kada a ga zumuɗinsa. Zai karɓi goron, ya dube shi, ya ce, "Bari in yi shawara," ya sa mutum ya dawo washegari. Ya sha gwada faɗin haka shi kaɗai a rumfa, yana huda fata da basilla.

Babu wanda ya zo. Masu goɗiya duk gidan Alhaji Bashir suke nufa, wani da ya samu zinariya a Tchibarakaten ya sayo wani dogon akawal, baƙin doki mai sheƙi, wanda sai ka ɗaga kai kafin ka ga kunnensa. Akawal ɗin ba ya iya gudun kirki idan rana ta take, ƴaƴansa kuma ba sa rabuwa da ciwon ƙafa, amma yana kyau a hoto. Inoussa ya ji zafin wannan ƙwarai, ya kuma sami dabarar da ba ta karya al'ada ba. Kowace Juma'a bayan la'asar sai ya wanke Bidi, ya taje gezarsa, ya ɗaura masa sirdin da ya fi kyau, ya bi da shi ta ƙofar duk wani gida mai goɗiya, a hankali, kamar mai neman abin da ya faɗi. Wata rana Alhaji Bashir da kansa ya tsayar da shi, ya zagaya Bidi yana gyaɗa kai. Inoussa ya ɗauka ranar da yake jira ce ta zo.

"Malam Inoussa," in ji Alhaji, "wannan sirdin kai ka ɗinka? Ina son irinsa."

Inoussa ya ɗinka masa. Aikin ya yi kyau, aka yi ta kawo masa gyaran sirdi, rumfarsa ta bunƙasa, shi kuwa yana dawowa gida kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Salamatou ba ta ga abin wahala a ciki ba. "Malam, ka buɗe baki ka faɗa wa mutum ɗaya mana. Ko ni in faɗa wa matansu."

"Ba a yin haka."

"Wa zai sani?"

"Bidi zai sani."

Ta dubi dokin, yana tauna zanenta da ta shanya a igiya, ta shiga ɗaki.

Duk damina Bidi yakan tafi hutu Dabaga, garkar wani Seydou, wanda mahaifinsa ya yi abota da mahaifin Inoussa. Can akwai ɗanyar ciyawa da inuwar dabino, Seydou kuma yana samun taki. Seydou mutum ne mai ladabi har ya yi yawa. Shi ke zuwa ɗaukar doki, shi ke dawo da shi, da buhun albasa a kai. Duk lokacin da Inoussa ya ce zai leƙo, sai Seydou ya ce hanya ba kyau, kori, rafin da ke tsallake hanya, ya kawo ruwa, kada Yaya ya wahalar da kansa. Idan kuwa ya nace, sai a tarbe shi a bakin hanya, a shimfiɗa masa tabarma a ƙofar garka, a kawo masa Bidi nan ya gan shi. Inoussa yakan ce a duk Dabaga babu mai tarbiyyar Seydou.

Haka shekaru suka yi ta wucewa. Gemun Inoussa ya yi fari, gadon bayan Bidi ya lotsa, ramukan da ke saman idonsa suka zurfafa. Gero ya fara zubowa daga bakinsa ba a tauna ba. Likitan dabbobi ya buɗe bakin ya duba, ya ce haƙora sun ƙare, busasshiyar harawar gari ba za ta riƙe shi ba, a nema masa wuri mai ɗanyen abinci ya ƙarasa kwanansa. Inoussa ya yi tambayar da ke cinsa, ko Bidi zai iya ba da iri har yanzu, a kaikaice, yana kallon ƙasa. Likitan ya ce wannan zance kam ya wuce.

Ranar Inoussa bai buɗe rumfa ba. Ya zauna kusa da turke, baƙin ciki ya cika shi, da kunyar mahaifinsa, wanda abu ɗaya tak ya roƙa. Ya yarda cewa irin ya yanke a hannunsa, kuma har a lokacin bai ga inda ya yi kuskure ba. Ya nemi Seydou a waya, babu rezo, layi ya ƙi shiga. Da safe ya sami kamyon, babbar motar albasa da ke komawa Dabaga wofi, aka ɗora Bidi, shi ma ya hau baya ya riƙe ragama.

Babu wanda ya tarbe su a bakin hanya, tunda babu wanda ya san da zuwansu. Inoussa ya ja dokinsa ya tura ƙyauren garka, ya wuce wurin tabarmar da aka saba tsayar da shi, ya bi ta gefen kwalbatin ruwa yana sallama. Bidi, wanda ya yi wata da watanni bai ɗaga murya ba, ya miƙe wuya ya yi haniniya. Aka amsa masa daga bayan dabinai, ba da murya ɗaya ba.

Can ya tarar da Seydou yana ɗora wa wata gajeriyar goɗiya mai faɗin ciki buhunan albasa. Kusa da ita dawaki uku ne a tsaye: babba wanda ya isa hawa, da dukusa, da wani ƙarami da bai daɗe da barin nono ba. Dukansu launin toka da jar ƙasa. Dukansu da farin zane a goshi wanda ya faro miƙe ya karkace wajen hancin hagu. Buhun da ke hannun Seydou ya faɗi, albasa ta watse.

"Yaya Inoussa. Ba ka yi waya ba."

"Babu rezo."

Inoussa ya tsaya yana duban dawakan. Injin ban ruwa yana ta bugawa a ƙasan garka.

"Dabaibayin Bidi ne ya tsinke," in ji Seydou, yana nuna babban. "Wallahi ban sani ba sai da cikin ya fito. Na ji kunyar faɗa maka. Dokin da ka ce daga Bagzan, ita kuwa ka gan ta, albasa take ɗauka. Na ce idan ka ji, ba za ka sake kallona ba."

Inoussa ya dubi dukusar. "Wannan fa?"

"Ya sake tsinkewa."

"Ƙaramin?"

Seydou ya sunkuyar da kai. "Wannan karon ban ɗaura ba. Babban nan, Yaya, yana zuwa Agadez ya dawo bai yi gumi ba. Sai dai idan ya fara gudu ba ya son tsayawa."

Inoussa ya zauna kan buhun albasa. Murna ta zo masa da ƙarfi har ta ba shi tsoro, haushi kuma yana biye da ita, na duk Juma'o'in da ya yi yana zagaya gari da wankakken doki, alhali dokin ya gama nasa aikin a Dabaga bai faɗa wa kowa ba. Ya daɗe yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Seydou yana tsaye yana jiran zagi.

"Ba a roƙe ni ba," in ji Inoussa.

Seydou ya dube shi, ya gane. Ya shiga bukka ya yi ta lalube, ya fito da goro guda, ya yanƙwane, an ma ɓantari gefensa. Gero babu, sai ya cika ƙwarya da albasa. Ya zo gaban Inoussa ya durƙusa, ya miƙa da hannu biyu.

"Yaya Inoussa, ina da goɗiya. Na zo roƙon iri."

Inoussa ya karɓi goron. Ya juya shi a tafin hannu, ya dube shi da kyau kamar yadda ya sha gwadawa a rumfa, sai dai bai gan shi sosai ba saboda ruwan da ya cika masa ido. Ƙaramin dukushin ya matso ta bayansa, ya kama hannun rigarsa ya fara tauna. Inoussa bai janye ba. Ya gyara murya sau biyu.

"Bari in yi shawara," ya ce.