Yadda Ladi Mai Masa Ta Koma Kan Ƙafafunta

Ladi tana da shekara goma sha tara ta sauka a Kakuri daga wani ƙauye kusa da Zonkwa, da akwatin kwano ɗaya da wasiƙar kawunta zuwa ga wani babba a masaƙa. A wancan zamanin idan jiniyar tashi daga aiki ta kaɗa, kekuna kan cika titi har mota ta rasa hanya. Aka sa ta a ɓangaren saƙa, inji huɗu a hannunta. Aikin tsaye ne. Awa takwas tana kai-komo a kan siminti, tana ƙulla zaren da ya tsinke, tana kasa kunne ga injin da ya sauya murya. Shekara ashirin da ɗaya ta yi a haka. A nan ta haɗu da Albert mai gyaran wuta, suka yi aure, suka haifi 'ya'ya huɗu, suka gina ɗaki biyu da falo a Sabon Tasha.

Da masaƙar ta rufe, Ladi ba ta zauna jiran kowa ba. Ta sayi tanda, ta kafa murhu a bakin titi kusa da inda 'yan keke Napep ke layi, ta shiga suyar masa. Aikin tsaye ya koma na zama a kan kujera 'yar tsuguno, daga asuba zuwa hantsi, har shekara goma sha biyar. A cikin shekarun nan Albert ya rasu, yara suka watse neman na kansu, ya rage sai autarta Vicky, malamar firamare, wadda ta zauna tare da ita.

Gwiwar dama ce ta fara ƙorafi, ta hagu ta bi sahu. Da safe sai ta daɗe a bakin gado tana lallashinsu kafin su yarda su ɗauke ta. A asibiti aka ɗauki hoto, likita ya ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ya cinye, ya rubuta ƙwayoyi. Ta sha ƙwayoyin, ta shafa man zafi iri-iri, har da wanda masu talla ke sayarwa a cikin bas, mai maganin cuta arba'in. Duk wanda ya zo gaishe ta shawara ɗaya yake bayarwa: ki huta, kada ki matsa wa ƙafar. Ta huta, ƙafar ta ƙara nauyi. Ta ba wata maƙwabciya tandar. Ta daina zuwa zumuntar mata ta coci, domin ba ta iya tsayuwar waƙa. Abin da ya fi cin ranta shi ne bayan gida. In ta tsuguna, sai ta kira Vicky ta ɗaga ta. Matar da ta riƙe inji huɗu ita kaɗai, yau tana rage shan ruwa don kada ta dami 'yarta.

A makarantar da Vicky ke koyarwa a Kakuri ne wata likitar gashin ƙashi mai suna Ogechi ta roƙi aron baranda. 'Yar wani bakanike ce na unguwar, a nan aka haife ta, Hausa a bakinta kamar 'yar Zariya. Ta gaji da ganin tsofaffi suna zuwa asibiti sau ɗaya su ɓace saboda nisa da layi, sai ta ce bari ita ta bi su unguwa. Ta aro kujerun roba daga cocinsu, ta sa aka yayyanka mata tsohuwar robar cikin taya daga garejin babanta, ta sa ranakun Asabar da safe da Laraba bayan la'asar.

"Mama, Asabar za mu je makarantarmu," in ji Vicky. "An fara motsa jiki na masu ciwon gwiwa da baya."

"Wadda ba ta iya tashi daga kujera ita za a kai tsalle-tsalle? Ki bar ni da abin da ya dame ni."

Vicky ba ta yi musu ba. Ranar Asabar kawai sai Ladi ta ji keke ya tsaya a ƙofar gida, mai keken yana jira. Kunyar a ce ta ɓata wa bawan Allah lokaci ce ta sa ta ɗaura zane.

Mutum goma sha ɗaya ta tarar a barandar. Ogechi ta duba gwiwoyin, ta lanƙwasa su a hankali, sannan ta zaunar da ita a kujera.

"Mama, ki naɗe hannuwanki a ƙirji. Ki tashi, ki zauna, ki sake tashi, har in ce ya isa."

Ladi ta tashi sau biyu. A na uku ta maƙale a tsakiya, ta koma ta zube.

"Biyu," in ji Ogechi. "Ba laifi."

"Ba laifi? 'Yata, shekara ashirin da ɗaya na yi a tsaye a masaƙa."

"Shi ya sa na ce ba laifi. Naman cinyar nan ya san aiki, zama ne ya sangartar da shi. Guringuntsin da ya cinye ba zan iya mayar miki ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma in cinya ta yi ƙarfi, za ta ɗauke wa gwiwa rabin kayan."

Ladi tana mayar da numfashi sai ta ji wata murya daga bayanta. "Wannan ba Ladi ta layin saƙa ba ce?"

Ta waiwaya ta ga wata dattijuwa cikin hijabi ruwan ƙasa, ta dogara da sanda. Khadija ce, wadda ta yi aiki a injinan da ke kusa da nata shekara goma sha biyu, suna cin abincin rana a kwano ɗaya. Yanzu Hajiya ce, tana Makera, ciwon ƙugu ya sunkuyar da ita. Tun rufe masaƙa ba su sake haɗuwa ba, alhali tafiyar da ke tsakaninsu ba ta kai rabin awa ba. Suka riƙe hannun juna suna ta dariya, kowace tana cewa ɗayar ce ta fi tsufa.

Motsin da Ogechi ta koya musu ba mai ban mamaki ba ne. A miƙe ƙafa daga zaune a riƙe. A ɗaura roba a ƙafar kujera a ja. A dafa bango a ɗaga diddige. Amma a mako na uku cinyoyin Ladi suka yi tsami kamar an daka su da taɓarya. Ta ce wa Vicky ta gama, da ma an gaya mata hutu ne maganinta. Laraba ta wuce, Asabar ta wuce, ba ta je ba.

Ranar Litinin da hantsi aka yi sallama a ƙofar gida. Hajiya Khadija ce da sandarta, tana haki.

"Keke biyu na hau da wannan ƙugun, na yi tambaya gida huɗu kafin in samu naki," in ji ta. "Ogechi ta ce tsamin da ke zuwa bayan motsi ya kwanta cikin kwana biyu, na gyara ne. Wanda gwiwa ta kumbura ta ɗauki zafi, shi ne na asibiti. Taki ta kumbura?"

"Ba ta kumbura ba."

"To jawo kujera. Ni ban zo shan kunu ba."

A tsakar gidan suka yi, su biyu, suna nishi suna tsokanar juna. Daga ranar Ladi ba ta sake fashi ba.

Sauƙin bai zo da gudu ba. Bayan wata biyu ta lura ta daina lallashin gwiwoyin da safe. Wata rana ta shiga bayan gida ta fito ita kaɗai, ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe, ba ta gaya wa kowa ba. Vicky ta gane ne ranar da ta dawo daga makaranta ta tarar an share tsakar gida, tukunya tana kan wuta. A wata na biyar Ladi ta karɓo tandarta, ta sa kafinta ya ɗaga mata murhun ya yi mata doguwar kujera, masa ta dawo bakin titi. Ranar Lahadi ta koma layin zumuntar mata, ta tsaya waƙa uku a jere.

Ita ce ma ta kawo waƙa barandar. Tsofaffin kan rikice da ƙirge, wannan tana bakwai waccan tana goma. Sai Ladi ta fara tafi da irin bugun injin saƙa, tana ba da waƙa ana amsawa: "Tashi mu tashi," su ce, "sannu ba ta hana zuwa." Da waƙar kowa ya daidaita, har maza suka fara leƙowa, bakanikai da direbobi masu ciwon baya.

Ana cikin haka aka yi wa Ogechi canjin wurin aiki zuwa Kafanchan, ga ta da tsohon ciki. Kafin ta tafi ta ɗauki mako huɗu tana koya wa Ladi da Hajiya Khadija yadda ake karɓar sabon zuwa, da motsin da ya dace da kowane ciwo, da alamun da in an gani ba a taɓa mutum sai dai a tura shi asibiti. Ta bar musu lambar wayarta.

Asabar ta farko bayan tafiyarta, cikin mutum talatin, bakwai suka zo. Obiora mai sayar da kayan gyaran mota ya faɗa a fili cewa shi wurin likita yake zuwa, ba wurin mai masa ba. Da Ladi ta tashi daga suya sai ta ɗaura ɗankwali ta shiga bin gidaje da ƙafa, lungu-lungu a Kakuri. Ba ta yin dogon bayani. Mutanen da suka ga ranar da aka sauko da ita daga keke ana riƙe da ita, yanzu suna ganinta tana tsallake kwata ta shigo musu gida. Asabar ta gaba sha takwas suka zo.

Abin da ya kashe bakin masu shakka shi ne maganar Jemimah, wata mai sayar da kifi. Ta zo wata Laraba tana ɗingishi, ta ce a bar ta ta yi motsin ko za ta ji dama. Ladi ta taɓa gwiwar ta ji ta kumbura, da zafi rau, ga jikin matar da zazzaɓi.

"Yau ba motsi," in ji Ladi. "Asibiti za mu."

Jemimah ta so ta yi gardama, Ladi ta kira Ogechi a waya ta miƙa mata. Suka tafi tare. Likitoci suka ce ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓar, da an ƙara kwana biyu da labarin ya sha bamban. Jemimah ta yi kwana tara a kwance ta fito da ƙafarta. Mako biyu bayan haka Obiora ya dawo da kujeru goma sababbi a bayan motarsa, ya sauke, ya shiga layi.

Gwiwoyin Ladi ba su warke ba. Da damina har yanzu suna yi mata tsiya, kuma matakala mai tsawo sai ta dafa. Amma tana da shekara sittin da ɗaya tana suyarta, tana zuwa coci da ƙafa, kuma duk Alhamis tana Makera, inda Hajiya Khadija ta tara mata ashirin da biyar a harabar wata islamiyya.

Bayan shekara ɗaya da wata biyu Ogechi ta zo ganin gida da jaririnta a goye, ta biya ta makarantar da safiyar Asabar. Barandar ta yi kaɗan, an fito fili, mutum ya haura sittin, an kasa su gida biyu. Ladi tana gaba tana tafi tana ba da waƙa. Ogechi ta tsaya a bakin ƙofa tana share ido da gefen zane. Da aka hango ta aka yi caa a kanta, wannan ya karɓi jariri, wannan yana nuna mata yadda yake sunkuyawa yanzu.

"Likita, na ga kina dafe ƙugu," in ji Ladi.

"Tun haihuwar nan, Mama. Ga goyo, ga tsayuwar asibiti."

"To ga bango nan, shiga layi."

Ogechi ta shiga tsakanin Obiora da Jemimah ta yi motsin har ƙarshe. Da aka tashi, wasu mata uku da suka zo tun daga Gonin Gora suka tare Ladi. Sun ce masu ciwo a wajensu sun fi na nan yawa, mata masu tallar bakin hanya, kuma fastonsu ya yarda ya ba da rumfa. Ladi ta dubi Hajiya Khadija, Hajiya ta ce ita dai Talata ba ta da komai.

"Ku nemo kujeru masu ƙwari, ban da masu tsagewa," in ji Ladi. "Talata ƙarfe huɗu muna nan tafe."