Abin Da Ya Ƙetare Tiren Ruwa

Kafin a kaɗa ƙararrawar safe, Baba mai kula da ɗakin gwaje-gwaje ya riga ya goge madubai, ya cika faffaɗan tiren gilashi da ruwa. In rana ta leƙo ta taga, hasken ruwan sai ya hau silin yana rawa, shi kuwa ya tsaya da tsumma a kafaɗa yana kallo kamar yau ya fara gani. Shekara talatin da huɗu ke nan yana wannan aiki, ga shi makon nan zai yi ritaya.

Wata shekara can baya aka kawo sabon malamin kimiyya, karatu na cin sa. Ya ce wa aji dutse da ruwa da mutum duk ƙwayoyin zarra ne, wanda ya san ƙwayar ya gama sanin duniya. Bai san yarinyar da ke layin gaba ta rasa mahaifiyarta sati uku da suka wuce ba. Da aka tashi ta miƙa wa Baba littafinta, ta ce ta bar makaranta.

"Baba, in Mama ƙwayoyi ce kawai da suka watse, me ya rage in karanta?"

Ya san wadda ta fita a haka ba ta dawowa. Ya jefa toshiyar kwalba cikin tiren, ya taɓa ruwan da yatsa. Igiyar ruwa ta tashi ta ƙetare har ɗaya gefen, toshiyar ta yi sama ta yi ƙasa, tana nan inda take.

"'Yata, ruwan ya tafi?"

"Bai tafi ba."

"To me ya ƙetare? Malaminki bai yi ƙarya ba, ƙwayoyin suna nan. Amma ɗauko guda ɗaya ki nuna mini igiya a cikinta. Sai sun taru take bayyana. Maganar rai kuwa na bar wa Mai rai."

Ta daɗe tana kallon ruwan, sannan ta karɓi littafinta.

Baba, kai ne gishiri, sai an rasa ka ake sanin daɗinka. Mu 'yan makarantar nan mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku da ke tsayawa gaban yara, ku riƙa duban fuska kafin allo.

Baba, yarinyar nan ce shugabar makarantar yanzu. Tun Litinin takardar sallamarka ke kan teburinta, ta kasa sa hannu.