Rigar Sanyin Yayana

Yayana mutum ne da wayarsa ta fi kowa iko da shi. A wani kamfanin kai saƙonni yake aiki, shi ke kula da rumbun bayanansu, wato inda ake ajiye sunan mai kaya, da inda kayan za su, da wanda ya karɓa. Duk wannan a cikin kwamfuta ɗaya tal yake, a wani ɗaki marar taga mai sanyi kamar firji. Shi ya sa ko ana tafasa da zafi za ka gan shi da wata rigar sanyi ruwan toka, wadda ta sha turarensa har ta ƙoshi.

Shekara da shekaru, wannan kwamfutar ce uzurinsa. Aka ɗaura mini aure, kwamfuta ta faɗi. Na haihu, kwamfuta tana tari. Da ciwo ya kwantar da Inna, har idonta ya daina gani, ni ce wanka, ni ce juyi, ni ce wankin zanin gado. Shi kuwa ya leƙo, ya tsaya daga bakin ƙofa da makullin mota a hannu, ya ce, "Inna, ya jiki?" Kafin ta gama amsawa waya ta yi ƙara. Ita kuma baiwar Allah sai ta ce, "Bar shi ya je, aikin mutane ne a kansa." Haushin da nake ji, Allah kaɗai ya sani.

Sai bara kamfanin ya gaji da faɗuwar kwamfutar, aka saya wa Yaya na'urori uku a madadinta. Ya yi makonni yana girka musu manhaja, ya ajiye kowacce a gini daban, da wutarta daban. Ranar da ya gama, a tsakar gidan Inna ya zauna yana cika baki, har da jera kofuna uku a kan tabarma.

"Kin gani, ƙanwata? Duk abin da aka rubuta a wannan, nan take waɗannan biyun sun kwafe. Ɗaya ce shugaba. In ta faɗi," ya kifar da kofi, "sauran su zaɓi wata a tsakaninsu, aiki ya ci gaba. Mai saƙo ba zai ko lura ba. Da hannuna na zare wa shugabar wayar wuta a gaban manaja, ko gezau!"

Na ce, "Madalla. Kenan yanzu ko ba ka nan ba abin da zai tsaya?"

"Ko mutuwa na yi."

"To sai ka zo ka zauna da uwarka."

Ya yi dariyar yaƙe ya shiga tattara kofuna.

Wata Talata da hantsi numfashin Inna ya canza. Na kira shi, ya zo, ya zauna a kujerar gefen gado, har ya cire rigar ya rataya. Amma ya kasa kallon fuskarta. Bango yake kallo, yana karkaɗa ƙafa. Can wayarsa ta yi ɗan tsuwwa. Na leƙa da idona: na'ura ɗaya ta faɗi, sauran biyun sun ɗauka. Wallahi sai da na ga sauƙi ya sauko masa a fuska.

"Bari in je in duba, yanzu zan dawo."

"Yaya, ba kai ka ce ba sa buƙatarka ba?"

"Ba za ki gane ba," ya ce, ya fice ko rigar bai ɗauka ba.

Bayan azahar Inna ta fara laluben gefen gado tana kiransa. Na buga masa waya, na sake bugawa, ba a ɗauka ba. Maigidana, tela ne, yana tsaye a bakin ƙofa. Na fizgo rigar nan na yafa masa, na ce ya zauna, kada ya kuskura ya yi magana. Ya miƙa mata hannu. Ta shinshina hannun rigar, ta saki ajiyar zuciya.

"Ka zo," ta ce. "Hannunka duk ya yi kanta, aiki ya yi maka yawa."

Ta daɗe tana sa masa albarka, tana faɗa masa maganganun da ni mai wanke ta ban taɓa samu ba. Maigidana yana hawaye shiru. Hannunsa na cikin nata ta cika.

Da la'asar Yaya ya shigo da gudu, ya ga an rufe ta, ya zube a ƙasa.

"Ta neme ni?"

"Ta nema, ta kuma samu," na ce. "Ɗaya ya faɗi, wani ya ɗauka. Ba ta ko lura ba. Tsarinka yana da kyau, Yaya."

Har yau yana wannan ɗakin sanyin, yana gadin na'urorin da ba ruwansu da shi. Rigar tana gidana, bai taɓa neman ta ba. Abu ɗaya yake tambayata duk sanda muka haɗu, murya ƙasa-ƙasa: me Inna ta ce a ƙarshe?

Ni kuwa amsata ɗaya ce: "Ba kai aka faɗa wa ba."