Ruwan Wankin Hannun Mai Tausa

Shekarun baya, lokacin farin nan da ya ƙarar da shanun mutane, ina zaune da mahaifiyata a wani ɗan ƙauye kusa da Tozai. Mu biyu kaɗai muka rage a gidan. Mahaifina ya rasu, mijina da wana sun yi kudu neman abin sawa a baki. A lokacin gani nake duk ƙasar Gobir ba a haifi macen da ta kai ni iya tattali ba. Ku riƙe wannan, don shi ya jawo abin da za ni ba ku labari.

Ƙafafun mahaifiyata suka kumbura suntum. In ka danna da yatsa sai wurin ya lotsa, ramin ya zauna yana kallonka. Ko bayan ɗaki ba ta iya zuwa sai ta dafa danga. Ana haka wana ya aiko cewa wata motar kaya za ta tashi daga Isa nan da kwana goma, ya riga ya yi magana da direban. Jakinmu kuwa mun daɗe da sayarwa, ƙafa ce kawai za ta kai mu. In ba ta iya takawa ba, nan za mu zauna, ga rumbu babu ko zangarniya.

"Ki tafi abinki, ɗiyata," in ji ta. Na ce in ta sake faɗin haka ba ni ƙara yi mata magana.

Maƙwabciyarmu ce ta aika aka kira wata tsohuwa mai tausa daga wajen Kurawa. Ta iso da hantsi, 'yar ƙarama da ita, amma hannuwanta manya. Da muka gaisa na ji tafinta sanyi ƙalau kamar gindin randa, alhali rana ta gama gasa ta a hanya. Ba ta tambayi inda ke ciwo ba. Ta zauna ta ɗora ƙafar mahaifiyata a cinya, ta shafa man aduwa, ta shiga bin tafin ƙafar da babban yatsa, kaɗan-kaɗan.

"Jiki duk nan yake ajiye," ta ce. "Kai na ga babban yatsa, ciki na tsakiya, baya na ga dunduniya."

Ni dai dariya nake a raina, har ta danna wani wuri mahaifiyata ta dafe haƙarƙari ta yi salati. Kafin azahar ta yi barci, irin wanda rabonta da shi an fi wata.

Da tsohuwar ta gama ta nemi ruwa ƙwarya guda, ta wanke hannu har gwiwa, ta miƙo mini. "Abin da nika jawowa hannuna yake hawa, ruwa ke sauke shi. Ki kai bayan gari ki zuba ga suri. Kada ɗigo guda shi taɓa ƙasar gidan ga."

Ƙwarya guda fa. Ruwan da nake fita tun sassafe, in tona yashin gulbi har kafaɗa, in zauna ina jiran ya tsattsafo. Ranar farko na kai surin na zuba, ƙasa ta zuƙe shi kafin in ɗago ƙwaryar, raina ya yi mugun ɓaci. Rana ta biyu na ɗauko, sai idona ya faɗa kan zogalen da ke bayan ɗakinmu. Shi kaɗai ya rage da ɗanyen ganye a gidan, kuma shi nake tsinka in dafa wa mahaifiyata. Na waiga, ba kowa. Na juye ruwan a gindinsa, na zaga gari da ƙwarya wofi na dawo, ina yaba wa kaina hankali.

Haka na yi kwana uku. Zogale ya murmure, ni ma na ƙara buɗe hannu wajen tsinka. Sai dai wani abu ya fara damuna: in an yi tausa kumburin ya saɓe har idon sawu ya fito, amma kafin gari ya waye ya dawo yadda yake.

Rana ta biyar, tsohuwar tana cikin dannawa sai ta tsaya cak. Ta daɗe yatsanta na wuri guda, kanta a karkace kamar mai sauraron magana ta bayan danga.

"Wanda na fitar jiya ne wanga," ta ce a hankali. "Ba wani ba. Na san shi. Ga shi nan daidai inda na ɗauke shi."

Ta ɗago ta dube ni. "Miƙo ƙafarki."

"Kaka, ni lafiyata lau."

"Miƙo."

Sau ɗaya ta danna tsakiyar tafin ƙafata. Wallahi sai na ji ɗacin zogale ya cika mini baki, ni da ban ɗanɗana ba tun jiya.

"Ƙafar ga ba ta je suri ba," in ji ta.

Nan na faɗi gaskiya, ina kuka ina kare kaina, wai ruwa ne ke wuya. Na so ta zage ni, da na fi samun sauƙi. Amma ita hannuwanta kawai ta zuba wa ido.

"Ya san hanyar gida yanzu," ta ce. "Ko an kai shi suri, dawowa za shi yi."

Ta sake ɗaukar ƙafar. Ran nan ba ta tashi daga tausar ba sai bayan la'asar, zufa na ɗiga daga haɓarta. Na kawo ƙwaryar ruwa, ta girgiza kai. "Ajiye ruwanki ku sha." Ta naɗe hannuwanta biyu cikin mayafi, ta ce in buɗe mata ƙyaure don kada ta taɓa. Haka ta fita, hannuwa a ƙirji, ba ta wanke ba.

Bayan kwana biyu mahaifiyata ta miƙe. Da ƙafarta ta je Isa, muna tafiya muna hutawa, muka samu motar. Ta rayu har ta goya jikokinta.

Daga baya wani ma'aikacin asibiti ya ce mini kumburin yunwa ne. Tausa kan rage ciwo, ta kawo barci, ta ɗan kori ruwan da ya taru, amma abinci ne maganin. Ban musa masa ba, don a kwanakin nan maƙwabciyarmu ta ɗan sam mana garin agaji.

Amma da ruwa ya dawo muka koma gida, na je har ƙauyen tsohuwar. Na same ta a zaune, hannuwan nan sun kumbura, yatsun sun lanƙwashe, ɗiyarta na ba ta fura da ludayi. Suka ce sanyin ƙashi ne, tun bazarar farin ba ta sake yi wa kowa tausa ba. Ta gane muryata.

"Tana tafiya?"

Na ce tana tafiya.

"To, madalla." Iyakar abin da ta ce ke nan. Har yau in na tuna kunya da tsoro ke rufe ni tare, ban san wanda ya fi ba.

Bara ɗiyata ta kai ni wani wurin tausar ƙafa a Sakkwato. Ga zanen tafin ƙafa a bango, kai ga babban yatsa, ciki a tsakiya. Na ji daɗin tausar, ba ni ɓoyewa. Da yarinyar da ta yi mini tausar ta gama ta ɗan ɗauraye hannu a famfo za ta wuce, na tambaye ta ina ruwan ke zuwa.

Ta yi dariya. "Hajiya, kwata mana."

Na ce ta koma ta wanke har gwiwa. Ta ɗauka rikicin tsufa ne, ta biye mini. Na tsaya a kanta har ta gama, idona na kan yatsunta.